Yadda muka dawo da fanshon Baba bayan alat ya tsaya

Wannan rubutun na yi shi ne don 'ya'yan tsofaffin sojoji, musamman waɗanda iyayensu shekaru sun ja, ido ya yi rauni, wayar hannunsu kuma ba ta wuce ta kira da amsawa ba, don yanzu duk wata wahalar fansho a kanmu take faɗowa ko mun shirya ko bamu shirya ba. Mahaifina ya shiga soja ne ta Daffo na Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ya je Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG ta kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma, ya yi zaman Bakassi, ya cika shekara 35 aka sallame shi yana sitaf saje, bayan ya yi kwas ɗin wata shida na Oshodi a Legas inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'a, shi kiwon kaji ya koyo. Tun daga lokacin kuɗinsa na shigowa duk ƙarshen wata, bamu taɓa sanin akwai wata wahala ba sai a 2024 da wata ya ƙare shiru, na biyu ma ya ƙare shiru.

Da farko Baba cewa ya yi a ƙyale, ai gwamnati ce, in ta yi jinkiri za ta biya. Amma da ya kira abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya kowa yace shi kam ya ga alat, sai jikinsa ya yi sanyi, ya daina fita majalisa da yamma. Nan fa shawarwari suka fara zuwa ta ko'ina, wani yace mu tafi Abuja gobe-gobe, wani yace mu je bariki wajen tsohuwar bataliyarsa, wani ma yace mu nemi kamfanin fansho irin na ma'aikatan gwamnati. Akwai wani mai shagon kwamfuta a unguwarmu da ya kira ni gefe yace yana da mutum a sama, in kawo naira 50,000 da katin ATM na Baba, cikin sati ɗaya za a saki komai. Allah Ya taimake mu maƙwabcinmu tsohon samanja ne, da na ba shi labari sai ya ce, "Ɗana, kar ka ba kowa ko sisi, kar kuma ka taka Abuja tukuna. Gobe da safe ka ɗauko Saje da duk wata takarda da ya mallaka, mu je ofishin Legion, ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji."

Ofishin reshen ɗaki ɗaya ne da benci biyu da wata tsohuwar kabat, mutanen ma a waje suke zama gindin darbejiya. Dattawa ne zalla, wasu da hular soja da ta koɗe, wani da sanda, wani hannunsa ɗaya, sai mata biyu cikin hijabi waɗanda daga baya na gane matan mamata ne. Baba na shiga aka fara "Saje! Saje!", mutumin da a gida sai na riƙe shi yake tashi sai ga shi ya ƙame ya sara wa sakatare, wallahi sai da na ji ƙwalla. Sakataren bai ɓata lokaci ba, yace a buɗe akwatin. Akwatin ƙarfe ne Baba ke ajiya a ƙarƙashin gado, a ciki akwai takardar sallamarsa naɗe cikin leda biyu, gefenta duk ya yi ja, da katin fansho, da lambar girmamawa ta ECOMOG, da takardar kammala Oshodi, da silif ɗin NIN. Ya jera su a kan tebur, yace in danna *565*0# a layin da Baba ya yi rajistar banki da shi don lambar BVN ta fito, sannan ya aike ni banki in karɓo takardar da ke nuna bayanan da ke kan BVN ɗin da sitetmen na wata shida. Da na dawo ya ɗora yatsa kan takardar soja, ya ɗora wani kan ta banki, yace "karanta min." A ta soja sunan Baba ne sai sunan garinmu, kamar yadda sojoji da yawa na zamaninsu suka yi rajista, NIN ɗin ma haka yake don da takardar sallama aka yi shi. A BVN kuwa sunansa ne da sunan kakanmu, shekarar haihuwa ma ta sha bamban.

Sakataren ne ya yi mana bayanin abin da ya faru. Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni cewa daga watan Maris na 2024 duk asusun da ba a haɗa shi da BVN da NIN yadda ya kamata ba a dakatar da shi, to asusun Baba an kasa haɗa shi tunda sunayen biyu basu yi daidai ba, aka sa masa takunkumi, kuɗi in an turo sai su koma inda suka fito. Wato ba a cire sunansa daga masu fansho ba, ƙofar shigowar kuɗin ce a rufe. Ya kuma ce mu manta da maganar kamfanonin fansho, sojoji sun fita daga tsarin karo-karo tun gyaran dokar da aka yi a 2011, komai nasu yana hannun Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, amma in muka je can da sunaye biyu dawo da mu za a yi mu gyara, kuɗin mota kawai za mu ƙona. Kuma wanda za a gyara shi ne na banki, sunan da ke fayil ɗin soja ba a taɓa shi. Bai karɓi komai ba, sai kuɗin ƙungiya na wata-wata da Baba ya daɗe bai biya ba, shi ma cewa ya yi a bari sai kuɗi sun fito.

Matakin farko kotu. Mun je babbar kotun jiha wajen masu rantsuwa, akwai masu buga takarda a bakin get da injinansu, ka faɗa musu takardar rantsuwa kake so ta gyaran suna da ta shekarun haihuwa, guda biyu ne daban-daban kar a haɗa maka su a ɗaya. Kafin a shiga ciki ka karanta harafi-harafi, don mai bugawar sauri yake yi, namu sai da Samanja ya sa aka sake bugawa saboda an juya sunan garin. A ciki aka biya kuɗi aka ba mu rasit, Baba ya sa hannu a gaban jami'in, aka manna hotonsa fasfo aka buga hatimi. Duka da kuɗin bugawa bai wuce naira 5,000 ba a lokacin. Daga nan sai sanarwar jarida, wannan ɗan ƙaramin akwatin da ake sakawa a shafin canjin suna, mun biya wajen naira 7,000 a ofishin jaridar kai tsaye, kuma ranar da ta fito na sayi kwafi uku, don banki shafin gaba ɗaya suke son gani mai ɗauke da kwanan wata, ba guntun da aka yanke da almakashi ba.

Banki ne ya fi ba mu wuya, kuma nan ne nake so ku natsu. Baba asusu biyu gare shi, wanda fansho ke shiga da wani tsohon asusun ajiya a wani bankin daban, kuma a wannan na biyun aka yi masa BVN a 2015 lokacin da kowa ke rububin yi. Mun fara zuwa bankin fanshon, muka yi layi tun safe har bayan azahar, da muka isa tebur yarinyar ko takardun bata duba ba tace ba nan aka yi rajista ba, mu koma inda aka yi. A can kuma aka ce sai mun fara farfaɗo da asusun don ya daɗe ba a taɓa shi ba, muka cike fom, muka kawo takardar wutar lantarki, aka ce mu dawo. Da muka dawo babu netwok. Da netwok ya samu, wanda ke sa hannu ya tafi hutu. Dattijo mai ciwon ƙafa ina ɗauko shi a Keke Napep ina mayarwa, ba wanda ya ce masa ga kujera, sai wani mai gadi da ya ga katin fanshonsa ya ɗauko masa tasa kujerar yana cewa babansa ma soja ne. Ranar da aka zo ɗaukar yatsa kuwa na'urar ta ƙi karanta babban yatsansa, zanen ya shafe saboda shekaru da aikin hannu, aka gwada aka gwada, sai wata dattijuwa a layi tace ya goga yatsan a goshinsa ya ɗan samu maiƙo, ya goga, ya ɗora, fitila ta yi kore, duk wajen aka sa dariya har shi. Sun gaya mana cewa shekarar haihuwa sau ɗaya ake yarda a canza ta a BVN, don haka sai da na duba fom ɗin da takardar sallama gefe da gefe kafin ya sa hannu. Abin da ya motsa maganar a ƙarshe wata wasiƙa ce da sakataren reshe ya rubuta a takardar ƙungiya mai tambari zuwa ga manajan, Samanja ya sa rigarsa ta Legion ya kai da kansa. Ban san me suka tattauna a ofishin ba, amma bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo cewa an sabunta bayanai. Sai muka koma bankin fanshon da sabuwar takardar BVN da silif ɗin NIN aka haɗa, aka cire takunkumin, na tura naira 1,000 daga wayata don in tabbatar kuɗi na shiga, alat ya yi ƙara.

Sai tantancewa. Da can tsofaffin sojoji sai sun yi tattaki zuwa cibiya a yi layi a ga mutum ido da ido a tabbatar yana raye, a 2024 hukumar ta koma yi ta intanet, kuma shi ma wannan ba ya tafiya in sunan BVN da na NIN da na soja basu zama ɗaya ba, shi ya sa aka ce mu bar shi sai an gama da banki. Wani matashi ɗan tsohon kofur da reshen ya ajiye don wannan aikin shi ya taimaka mana, ana shigar da lambar soja da bayanan banki da NIN, sannan a ɗauki hoton fuska kai tsaye. A ɗaki hoton ya ƙi karɓuwa saboda duhu, muka fito da Baba tsakar gida ya cire hula ya fuskanci haske, ga shi ya ɗaure fuska sai kace yana fareti, yaron yana ta cewa "Baba a ɗan saki fuska", kafin abin ya wuce. Duk abin da ya fito a allon wayar a ƙarshe ku ɗauki hotonsa ku buga a takarda, mun yi amfani da namu a Abuja.

Yanzu ne tafiyar Abuja ta zama da amfani, don kuɗin watannin da suka koma ba za su dawo da kansu ba sai an nema a rubuce. Sakatare ya tsara mana wasiƙar, gajera ce, sunan Baba da muƙami da lambar soja a sama, watannin da ba a samu ba, dalili, da lambar asusu, aka haɗa da fotokwafin takardar sallama, katin fansho, sitetmen da ke nuna babu abin da ya shigo, wasiƙar banki cewa asusun ya dawo aiki, takardun rantsuwa, shafin jarida da shaidar tantancewa. Komai kwafi biyu. Mun hau jirgin ƙasa na safe daga Rigasa, tikiti bai kai naira 5,000 ba kowannenmu a lokacin kuma shi ma sai da NIN ake saya, ku sauka a tashar Kubwa kar ku wuce Idu, don Dutsen Alhaji nan kusa ne. A get sojoji ne, aka duba katin Baba muka rubuta suna a littafi, aka nuna mana ɓangaren da ake karɓar ƙorafi. Akwai jama'a, daga kowane yanki na ƙasar nan, har da wani dattijo da ya taso daga Kalaba wanda suka gane juna da Baba tun zaman Monrobiya, suka rungume juna suna ta Turancin bariki. Jami'in da ya karɓe mu ya buɗe bayanan Baba a kwamfuta, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Baba lambarsa ya faɗa da ka ba ko gargada, sannan ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu ya miƙo mana. Babu wanda ya nemi ko kwabo a wajenmu. Yace fanshon wata zai ci gaba a biya na gaba, na baya kuma sai an bi ta lissafi. A gabanmu na ga an mayar da wani saboda ɗansa ne ya zo shi kaɗai da fotokwafi babu na asali, tun daga Yola, haka ya juya. Mun samu jirgin yamma muka kwana a gida.

Fanshon wata ya shigo a ƙarshen watan da ya biyo baya, na baya kuma ya ɗan ƙara jimawa kafin ya faɗo gaba ɗaya a dunƙule. Zaman jiran nan ba daɗi, lokacin an ci bashin mai shago, an ci na mai kemis, kajin ma an sayar da rabi don abincinsu ya gagara, kuma duk wanda ya san farashin buhun masara a 2024 ya san me nake nufi. Da kuɗin suka zo abu na farko da Baba ya yi shi ne ya biya bashin kuɗin ƙungiya har da na gaba.

Tun daga nan nake raka shi taron wata, kuma a nan na fahimci cewa yawancin ƙarin da ke shigowa asusunsa wanda muke cewa gwamnati ta tuna da su, wasu ne suka kwana a titi kafin ya fito. Ƙungiyoyin iri biyu ne. Akwai Nigerian Legion wadda aka kafa tun 1964, tana da doka da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, ita ce ake gani ranar 15 ga Janairu wajen bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Sai kuma ƙungiyoyin matsa lamba irin su Coalition of Concerned Veterans, su ne masu fita da tabarma da kwalaye. A Janairun 2022 sun tare Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan ariyas, wato kuɗin baya da ba a biya su ba, na wata 24 na ƙarin da ya biyo bayan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. A watan Satumba na shekarar suka yi zaman dirshan a Ma'aikatar Tsaro kan alawus ɗin SDA, kuɗin da ake ba soja bayan ritaya don kada ya juya horon da ya samu ya cutar da ƙasa, wanda da farko waɗanda suka yi ritaya daga ƙarshen 2017 kawai ake ba, irin su Baba da suka riga fita babu su. Bayan wannan matsin ne Shugaba Buhari ya amince da naira biliyan 134.7 don a biya kowa. A Disambar 2024 da Janairun 2025 suka sake rufe get ɗin Ma'aikatar Kuɗi kan ariyas na ƙarin albashi da ƙarin naira 32,000 a kan fansho, kuma suna nan zaune alat ya fara shigowa wayoyinsu. Na Baba ma ya shigo, da asusun na nan a rufe da shi ma komawa zai yi. Sakatare kullum sai ya karanto musu sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikatan tarayya ƙarin albashi, wanda ya riga zuwa, yace ba roƙo suke ba. Ni dai a ganina abin kunya ne ace mutumin da ya kai shekara saba'in sai ya shimfiɗa tabarma a bakin get cikin sanyin hunturu kafin a ba shi abin da doka ta rubuta, kuma su ma ƙungiyoyin da za su rage rarrabuwa da rigimar shugabanci da an fi jin maganarsu, don a taro ɗaya na ga an kusa ba hammata iska kan wace ƙungiya ce ta gaskiya.

A taron ne kuma muka san Baba na da haƙƙin inshorar lafiya ta DHML, kamfanin da ke kula da lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya, shekara da shekaru muna sayen maganin hawan jini da kuɗinmu. Rajistar ba ta da wuya, takardar sallama da katin fansho da hoto, ka zaɓi asibiti, mu asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna muka zaɓa. Ba kowane magani ko aiki tsarin ke ɗauka ba, faɗaɗa shi na cikin abubuwan da ƙungiyoyin ke nema, amma ko ganin likita da gwaje-gwajen da ake samu sun rage mana nauyi sosai.

To ga abin da zan ce wa duk mai uba ko uwa a wannan layin. Kar ku jira alat ya tsaya, yau ɗin nan ku fito da takardar sallama da NIN da bayanan BVN ku jera su ku karanta suna da shekarar haihuwa, in akwai bambanci ko na harafi ɗaya ne ku fara gyara tun kuɗi na shigowa, don gyara da yunwa ya fi ciwo. Layin wayar da aka yi rajista da shi ku tabbatar yana aiki kuma da sunan mai fanshon yake, dattawa da yawa layinsu ya mutu an sayar wa wani. Ku ɗauki hoton kowace takarda ku ajiye a waya da imel, na asali kuma kar ku bar wa kowa, a nuna a dawo da shi. Duk takardar da kuka miƙa a ofis ku karɓi kwafi mai hatimi. Duk wanda ya kira yace daga hukuma yake, a turo lambar sirri ko a biya wani abu kafin a saki ariyas, ɓarawo ne, a reshenmu kaɗai na ji dattawan da aka kwashe wa kuɗi ta haka, kuma galibi ana kiran ne daidai lokacin da labarin biyan ariyas ya fita a rediyo.

Sai maganar da ba a son yi, wato magaji. Matan nan biyu da na gani ranar farko, ɗaya mijinta ya rasu sunan da ke fayil ɗinsa a matsayin magaji na ƙaninsa ne da ya rubuta tun yana kurtu bai yi aure ba, ƙanin ma ya riga shi rasuwa. Sai da ta nemo takardar shaidar mutuwa ta mutum biyu, da shaidar aure, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, ga 'yan uwan miji kowa da bakinsa, har yanzu reshen na bin mata maganar. Na sha wuya kafin na iya tayar wa Baba da zancen, a ƙarshe Samanja na roƙa ya yi masa, ai kuwa da aka duba sunan kakarmu ne a nasa, wadda ta rasu tun ina firamare. Mun rubuta takardar neman canji ya sa sunan Inna da na babbar yayarmu, sakatare ya sa hannu a matsayin shaida, za mu kai tare da ta wasu dattawa uku na reshen da su ma aka gano nasu haka yake, mota ɗaya za mu yi a raba kuɗin mai.